Tokar Inna da Motar Mai Lofe

Kwanan baya wani saurayi ya tsaya bakin rumfata a tashar Dutsin-Ma, hannu cikin aljihu, yana kallona ina kwance kafireta. Da ya ƙoshi da kallo sai ya ce wa abokinsa wai kanikanci ai ba komai ba ne, kwancewa ne da ɗaurewa. Ban tanka masa ba, don akwai noti a bakina. Amma maganar ta tsaya mini a wuya, shi ya sa na nemi takarda na zauna. Wanda ya ga gyara a bokon nan ya yi haƙuri, in ya ƙi kuma shi ya sani. Shekara biyu na yi a elementare, ubana ya rasu, aka cire ni aka miƙa mini fartanya.

Sunana Ilu. Ilu Fita ake ce mini, wato makanike, ko da yake masu takardar shaida sun ce sunan ya fi ƙarfina.

Na shiga sana'ar nan da gemuna ya fara tsiro, a hannun Maigida Tanko, wani tsohon soja da ya koyi mota a bariki ya buɗe rumfa a birnin Katsina. Shekarar farko ban taɓa sifana ba. Aikina wanke ƙarafa cikin kananzir da juya handul, don motocin lokacin sai an juya musu ƙarfe a gaba suke tashi. Ranar da na riƙe handul da babban yatsa a zagaye, inji ya yi tutsu ya mayar mini da shi, yatsan ya karye. Maigida ya duba ya ce, "Madalla. Yanzu ka san yadda ba a riƙewa." Har yau yatsan a karkace yake, kuma ban sake ba.

Kayan aikin da na fito da su bayan shekara huɗu ba su cika jakar fata ɗaya ba. Sifana uku, filaya, guduma, magagari, guntun zarto, da sukundireba da wani maƙeri ya ƙera mini daga karyayyen sifirin. Sai ɗan madubi irin na mata masu saka tozali, na leƙa inda kai ba ya shiga. Sauran kayan aikin a jikina suke: hanci, kunne, da baya. Maigida yakan ce mota ba ta ƙarya, sai dai ba ta faɗa wa na tsaye gaskiya. Sai ka kwanta mata a ƙasa.

Da na dawo gida Dutsin-Ma, motocin da ke bin hanyar nan ba su fi ka ƙirga da yatsu ba. Na gyada da na auduga da kaka, sai ta wani Bature in ya fito rangadi. Mota ta shigo gari mutane su bar ciniki su zo kallo. Direba kuwa a lokacin ji yake ya fi hakimi. Zai sauko yana karkaɗe riga, ya ce maka, "Tana tari," ya tafi neman fura. Kai ka san wane tari, a ina, tun yaushe.

Sai shekarar fara ta zo. Ta sauka gero na cikin ɗaukar ido, ta tashi ta bar kara tsirara. Gyadar da ta tsira kuma kamfani ya karya mata daraja, har manomi ya gwammace ya ci abarsa. Motoci suka ɗauke ƙafa. Na yi kwana arba'in ban ji warin inji ba. Na koma liƙe garwar 'yan ga-ruwa da gyaran keken masinja, iyalina na cin tafasa da dusa. A shekarar duk mai aikin da ke kawo hatsi gida riƙe shi yake da haƙori.

A cikin wannan hali Sallau ya zo mini. Sallau sa'ana ne, tare muka yi kiwon awaki, kuma shi ne direban Baturen rijiya, wanda ke yawo tsakanin Dutsin-Ma da Kurfi yana duba masu haƙa. Mai Lofe muke ce wa Baturen, don lofen taba ba ya barin bakinsa sai in zai ci abinci. Motarsa ƙarama ce mai rufin tamfol, tankin fetur ƙarƙashin kujera, bututun jan ƙarfe ya taso daga nan ya bi ta ƙasa zuwa inji.

Da hantsi ya iso, ga ɗan doka biye da shi. Ban taɓa ganin Sallau ba hula ba sai ran nan.

Na ce, "Kai kuma lafiya? Ko ka take ɗan hakimi?"

Ya ce, "Ilu, bar wasa. Ɓarawo aka ce da ni."

Ga yadda abin yake. Da can garwa guda ta fetur takan kai su Kurfi ta dawo da su har da saura. Wata biyu ke nan ba ta yi. Mai Lofe ya sa aka kawo fita mai takarda daga babban gareji na birni. Ya zo da fararen kaya, ya buɗe murfin inji, ya duba kafireta, ya shimfiɗa jarida ƙarƙashin mota ta wuni a wurin. Ko ɗigo ɗaya bai sauka ba. Ya rubuta cewa mota lafiyarta ƙalau. To in mota ba ta zubarwa, wa ke sha? Malam Haruna, tafintan Bature, ya ce ai an san direbobi, suna zuƙewa su sayar wa masu motocin kaya. Mai Lofe ya yanke cewa yau in sun isa Kurfi za a miƙa Sallau gaban alƙali. Bulala, gidan yari, aiki ya tafi. Mutum mai bakuna tara a gida, a shekarar fara.

Na ce, "Tsakaninka da Allah, ka sha ko ba ka sha ba?"

Ya ce, "Wallahi ko cikin cokali. Kuma ina jin warinshi in muna tahiya. Na faɗa, an ce dabara ce."

"Shi Baturen ba ya ji?"

"Mutumin da hancinshi ke cikin hayaƙi tun asuba? Mi zai ji?"

Na ɗauki jakata muka tafi barikin da Bature ya sauka. Malam Haruna ya tare ni a bakin ƙofa, ya dube ni sama da ƙasa. Ya ce, "Malam Ilu, wanda ya yi karatun abin ya duba bai ga komai ba. Kai da mi za ka gani?"

Na ce, "Shi ya kwanta ƙarƙashinta?"

"Ya durƙusa."

"To ni kwanciya zan yi."

Ya shiga ya fito ya ce Bature ya yarda, daga nan zuwa Kurfi. Amma in sani, in ba a ga komai ba za a ɗauka bakinmu ɗaya da Sallau, ni ma alƙali zai so ganina. Na ce na ji.

Na fara da abin da kowa zai fara. Na shinshina bakin tanki, na shafa famfon da ke gindinsa, na bi bututu da yatsa iyakar inda hannu ke kaiwa, na duba mahaɗarsa da kafireta. A bushe. Na sa Sallau ya tayar da inji ta yi ta kaɗawa a tsaye. A bushe. Fita mai takarda bai yi ƙarya ba, mota a tsaye ba ta zubar da komai. Abin da bai tambayi kansa ba shi ne, wa ya sayi mota don ta tsaya? Akwai tsagar da ke rufe bakinta in ƙarfe na hutawa, sai an hau gargada jiki ya murɗa sannan ta buɗe. Fetur kuma ba ruwa ba ne da zai jira ka. Kafin ka tsaya ka sauko ka leƙa, zafi da iska sun shanye shi.

Ina kwance ina tunani sai Inna ta faɗo mini. Uwata maginiyar tukwane ce. In ta gasa sabon tulu ba ta kai shi kasuwa sai ta cika shi da ruwa, ta goge bayansa, ta barbaɗe shi da tankaɗaɗɗiyar toka. Tsagar da ido ba ya gani toka na gani. Inda ta yi duhu, nan ne. Tun ina ƙarami nake kallon wannan, ban taɓa zaton zai bi ni ƙarƙashin mota ba.

Na fito na tafi wurin Gwaggo mai waina a bakin kasuwa na roƙi tokar murhunta. Ta ce, "Ilu, yunwar har ta kai ku cin toka?" Na tankaɗe ta da tsumma har ta yi laushi kamar garin alkama. Na yayyafa wa ƙarƙashin motar ruwa kaɗan da tsintsiya, na ƙulla tokar a ƙyalle na bi bututu da ƙarafan gefensa ina bubbugawa, tun daga tanki har inji. Na bari ta bushe. Ƙarƙashin mota ya yi fari fat.

Malam Haruna ya ce, "Wanga kuma tsubbu ne ko aiki?"

Na ce, "Faɗa mishi aiki ne. In tsubbu ne da na ce a kawo zakara."

Muka kama hanya rana na tsaka. Sallau na tuƙi, Bature a gefensa, ni da tafinta da ɗan doka a baya kan kaya. Na ce wa Sallau kada ya kauce wa rami ko ɗaya. Shi da kullum yake lallaɓa motar nan kamar ƙwai, ran nan ya sake ta. Lofe ya yi ta karo da haƙoran Bature. Na tsayar da su sau ɗaya na leƙa, toka fara. Na tsayar na biyu, fara. Malam Haruna ya fara murmushi. Wuyan rigar Sallau ya jiƙe sharkaf.

Gab da Birchi akwai wani gangare mai duwatsu da ke sauka cikin busasshen rafi. Muna haurowa warin ya buge ni. Na daki kafaɗar Sallau na ce, "Tsaya! Kashe ta, ka rufe famfo!" Kafin ta gama tsayawa na dire na shige ƙasa.

Ga shi nan. Wani baƙin layi ya ratsa farar tokar, ya gangaro daga saman bututu, daidai inda ya bi ta cikin kwarmin ƙarfen gindin mota. Tazararsa da bututun hayaƙi ba ta fi tafin hannu ba, shi kuwa ya yi zafin da tofi ke ƙara a kansa. Wata biyu mutanen nan suna yawo a kan wuta ba su sani ba.

A saman layin akwai wani curin busasshiyar laka, kamar gidan zanzaro. Da safe na gan shi na wuce. Na sa sukundireba na ɓantare. Ba laka ba ce zalla. Laya ce, ɗinkin jar fata, an ɗaure ta da wayar ɗaurin kaya an zagaya da bututun mai. Duk ramin da mota ta faɗa, laya ta yi lilo, waya ta goga. Ƙarfe ya yi ta cin jan ƙarfe har ya yi masa tsaga siririya kamar gashi.

Na san ta wane ne. Kowa a tasha ya san Mai Lofe ya taɓa samun laya rataye a sitiyari, ya cire ya jefar ta taga, ya ce in ya ƙara gani a motarsa Sallau ya nemi wani aiki.

Na ɗaga murya na ce, "Sallau, shigo ka riƙe mini madubi."

Ya shigo ya kwanta gefena. Na karkata madubin ya gani.

Ya ce a hankali, "Innalillahi. Ta tsarin hanya ce. Baffana na nan Birchi ya rubuta mini."

Na ce, "Baffanka ya ce ka ɗaure ta da waya a jikin bututun mai, jaki?"

"Nan ne kawai ba za a gani ba."

"Ai kuwa ba a gani ba."

Kun ga inda aka tsaya. In na fito da ita, Sallau ya fita daga sata ya faɗa ɓarna, aiki dai ya tafi. In na ce ban ga komai ba, alƙali na jiranmu mu biyu. Na sa filaya na datse wayar, layar ta faɗo a ƙirjina. Daidai nan na ga takalman Bature sun matso, gwiwoyinsa sun sauko ƙasa, sai ga jar fuska tana leƙowa, lofe a baki yana hayaƙi.

Ban san sanda na daka masa tsawa ba. "Kai! Ja da baya da wutarka! Kashe mu za ka yi?"

A zamanin nan ba a ce wa Bature kai. Ɗan doka ya ƙame. Amma wari ya riga tafinta yi masa fassara. Ya zabura baya, ya cire lofen ya yi jifa da shi cikin yashi, ya bi shi da takalmi yana murjewa. Tsawar nan gaskiya ce, da garwashi ɗaya ya faɗo da ba ni ke ba ku labari ba. Amma kafin ya dawo, laya ta shige aljihun 'yar sharata.

Ya dawo ba lofe, ya kwanta a ƙasa da kakinsa, abin da fita mai takarda bai yi ba. Na nuna masa layin a toka. Na sa Sallau ya buɗe famfo, na danna bututun da yatsa, tsaga ta buɗe, fetur ya yi tsartuwa. Na saki, ta rufe. Ya sa na yi har sau uku. Da muka fito ya yi magana, Malam Haruna ya ce, "Shina tambaya, mi ya yanka shi?"

Na ce, "Ƙarfe ne ya ci ƙarfe." Ban yi ƙarya ba.

Malam Haruna bai fassara nan da nan ba. Idonsa na kan aljihuna, inda kusurwar jar fata ta leƙo. Ya dubi Sallau, ya dube ni. Sai ya kai hannu ya gyara hannun rigarsa, wajen damtse, inda kowa ya san abin da ɗan malamai ke ɗaurawa. Ya juya ya faɗa wa Bature kalma uku ko huɗu. Bature ya gyaɗa kai. Na daɗe ina jin haushin mutumin nan, amma wannan na rubuta masa ita.

Saura gyara. A daji ba a kai wuta kusa da fetur, don haka sabulun salo na nema. Wata mata a Birchi ta ba ni ɗan curi. Fetur na narkar da ƙaro da danƙo, amma ba ya cin sabulu. Na murje shi da yawu ya yi laushi, na cusa a tsagar, na naɗe da tsumma na ɗaure da zare. Shi ya kai mu Kurfi.

A Kurfi na rufe famfo na kwance bututun gaba ɗaya, na busa shi, na shanya a rana har warin ya tafi. Sannan na ɗauke shi zuwa maƙera, can nesa da mota. Na yanke inda ya cinye. Abin da zan haɗa bakin biyu da shi ne babu, sai na roƙi Bature kwanson harsashin bindigarsa ta farauta. Na yanke wuyan kwanson, na goge da magagari, bakin bututun biyu suka shige ciki kamar don su aka yi. Tsohon maƙerin ya zuga mini wuta yana ta mita wai bai taɓa ganin aikin da ba a dukansa ba. Na shafa ƙaron ararrabi, na narka dalma ta bi mahaɗar ta zagaye. Da ya huce na toshe baki ɗaya na busa cikin ƙwaryar ruwa. Ba kumfa. Na mayar, na naɗa masa fata a inda yake taɓa ƙarfe, na sake barbaɗa toka, muka zagaya gari ta hanya mafi muni. Fara tas.

Layar kuwa na ɗinke ta da tsirkiyar fata a jikin katakon ƙarƙashin kujera, inda ba mai, ba zafi, ba idon Bature. Na ce wa Sallau, "Ayar Allah ba ta huda bututu. Waya ke hudawa."

Ba a je gaban alƙali ba. Mai Lofe bai ce wa Sallau yi haƙuri ba, su ba sa faɗa, sai dai ya miƙa masa hularsa da ɗan doka ya ƙwace. Ni kuma ya rubuta mini takarda da hannunsa. Na kai ta babban gareji ina neman aiki, akawu ya juya ta gaba da baya ya ce ba hatimi, kuma ba a ɗaukar wanda bai gama elementare ba. Wanda ya shimfiɗa jarida shi aka yi wa ƙarin girma. Takardar na nan, gara ta ci rabinta.

Sallau yanzu Alhaji Sallau ne, manyan motoci uku gare shi. Shekaru da yawa birni yake aika su wurin masu fararen kaya, in ya wuce rumfata sai dai ya ɗago hannu daga cikin mota. Bara da kaka sai ga direbansa ya kawo mini ɗaya, wai tana shan mai, an kai ta birni sau biyu ba a ga komai ba. Ya ce, "Alhaji ya ce a kawo maka, wai ka sa mata toka."

Na ce, "Koma ka ce wa Alhaji ba ni da mai riƙe mini madubi."

Mutanen tasha suka ce na yi hauka. Bayan la'asar sai ga shi. Ya tsaya ya dube ni, na ci gaba da tankaɗe tokata. Ya tuɓe babbar riga ya miƙa wa direba, ya cire hula, ya durƙusa da ƙyar saboda tumbi, ya shigo ya kwanta gefena a ƙasa, duk tasha na kallo. Na miƙa masa madubin.

Na ce, "Karkata shi, jaki. Har yau ba ka iya ba."

Ya karkata. Muka shiga bin bututu da ido. Can ya matso da bakinsa kusa da kunnena ya ce, "Ilu, kafin ka kai wurin. Wallahi wannan karon da fata na ɗaure layar."